Filin Tambayoyin Masu Karatu: Gadon Jini, Inuwar Gawo da Tabon Rana

Wasiƙun da suka taru a wannan karo sun fi ƙarfin filin da muke da shi, saboda haka na zaɓi biyar waɗanda suka shafi ilimin halittu da na rana. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su, tun da biyu daga ciki maganar cikin gida ce.

TAMBAYA, daga wani magidanci a unguwar Zango, Damagaram: Malam, barka da aiki. Shekarata tara da aure, maiɗakina ta haifi ƴaƴa huɗu, dukansu mata. Ƴan'uwana sun matsa mini cewa ita ce ba ta haihuwar maza, wai in ƙara aure. Shin da gaske akwai macen da cikinta na mata ne kaɗai?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah Ya raya su, Ya yi musu albarka. Maganar ƙarin aure taka ce, ba ta wannan fili ba, amma hujjar da ƴan'uwanka suka kafa ba ta da ƙafar tsayawa. Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kuma a tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka guda 46 da ake kira kuromozom, suna tafe biyu-biyu, wato tagwaye 23, rabi daga uwa rabi daga uba. Tagwaye ɗaya daga cikinsu su ne ke raba namiji da mace. Mace tana da X guda biyu, namiji kuwa yana da X ɗaya da Y ɗaya. Tun da uwa ba ta da komai sai X, duk ƙwan da ya fito daga gare ta X yake ɗauke da shi. Maniyyin uba shi ne ya rabu gida biyu, wani da X wani da Y, kuma wanda ya riga isa ga ƙwan shi ne ya yanke magana: in mai X ne a sami mace, in mai Y ne a sami namiji. Wata masaniya ƴar Amurka, Nettie Stevens, tana cikin waɗanda suka fara gano haka a 1905, a jikin wani ɗan ƙwaro.

Kada ka ɗauka ina juya laifin ne zuwa kanka. Babu mai laifi, domin babu namijin da ke da ikon zaɓen wanda zai riga isa cikin miliyoyin ƙwayoyin maniyyi. Kowane ciki kusan rabi da rabi ne, kuma cikin da ya gabata ba ya shafar na gaba. Idan aka lissafa, cikin gidaje 16 masu ƴaƴa huɗu, ana sa ran gida ɗaya ya sami mata zalla, wani gida ɗaya kuma maza zalla. Ka duba unguwarku, za ka ga gidan maza zallan, sai dai shi ba wanda ke zuwa ba shi shawara.

TAMBAYA, daga wata uwa a unguwar Birni: Malam, ni da maigidana lafiyarmu lau, ba mu taɓa kwanciya asibiti ba, amma biyu daga cikin ƴaƴanmu uku suna da amosanin jini. Likita ya ce mu duka AS ne, kuma wai ɗa ɗaya cikin huɗu ne yake kamuwa. To yaya aka yi mu namu biyu cikin uku? Kuma surukata ta ce don mun yi auren zumunci ne.

AMSA: Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba yaran lafiya. Wannan ciwo da wasu ke kira sikila, wasu kuma a nan gida suke ce wa emasi, shi ne misali mafi bayyana na yadda gado yake tafiya, don haka zan ɗan tsawaita.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma haka ne, amma karin maganar bai bayyana yadda iyaye masu lafiya suke haifar ɗa mara lafiya ba. Wanda ya fara warware wannan ƙulli wani malamin coci ne mai suna Gregor Mendel, a garin Brno da ke Jamhuriyar Cek ta yau. Ya kwashe shekaru yana haɗa auren wani irin wake a lambu, ya buga sakamakonsa a 1866, duniya ba ta kula ba sai a 1900, bayan rasuwarsa. Ya lura cewa in ya haɗa dogon tsiro da gajere, ƴaƴan duka dogaye suke fitowa, amma a jikoki sai gajarta ta sake ɓullowa, kusan ɗaya cikin huɗu. Ashe halin bai ɓace ba, ɓoyewa ya yi. Kowane hali muna da kwafinsa biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wani kwafin yana iya rufe ɗan'uwansa.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himoglobin, wanda aikinsa ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran jiki. Umurnin ƙera shi yana rubuce a kan kuromozom na 11. Kwafin da aka saba shi ake kira A, wanda ya sauya kuma S, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai wuce harafi ɗaya ba a cikin rubutun gado. Wannan harafi ɗaya ya isa ya sa himoglobin ya riƙa sandarewa idan oksijin ya yi ƙaranci, sai ƙwayar jinin da take zagayayya mai laushi ta lanƙwashe kamar lauje. Irin waɗannan ƙwayoyi suna toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke kawo ciwon ƙashi mai tsanani da kika sani, kuma suna mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120. Daga nan ƙarancin jini da rawayar ido suke fitowa. Ke da maigidanki kowa yana da A ɗaya da ke rufe masa asiri. Yaran da suka kamu sun ɗauko S daga gare ki, suka kuma ɗauko S daga gare shi.

Game da lissafin likita, gaskiya ya faɗa, fahimtar ce ta karkace. Ki ɗauki ƙwarya biyu, taki da ta maigida, kowace da ƙwayar wake fara ɗaya da ja ɗaya. A kowane ciki ana rufe ido a ɗauki ɗaya daga kowace ƙwarya, sa'an nan a mayar da su kafin ciki na gaba. Fari da fari AA ke nan, ja da ja SS, gauraye kuma AS. Hanyoyi huɗu ne, ɗaya daga ciki ce ja da ja. Abin lura shi ne mayarwar nan: ƙwarya ba ta tuna abin da ya fito bara. Ɗaya cikin huɗu rabon kowane ciki ne shi kaɗai, ba alkawari ba ne cewa in an sami ɗaya mai ciwo ukun da ke biye za su tsira. A lissafi, cikin gidajen AS da AS masu ƴaƴa uku, kusan gida ɗaya cikin bakwai zai sami kansa daidai inda kika sami kanki.

Maganar surukarki tana da rabin gaskiya. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar S. Sai dai in akwai shi a dangi, to yiwuwar miji da mata su gaje shi daga kaka ɗaya tana ƙaruwa. Bare da bare ma suna haifar SS kullum a ƙasar nan, domin S ya yawaita a cikinmu, kuma akwai dalilin yawaitarsa. A 1954 wani masani, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shekaru aru-aru zazzaɓi yana kashe yara a yankunanmu yana barin masu AS da yawa su girma su hayayyafa, shi ya sa taswirar amosanin jini ta kusan hawa kan taswirar sauro. Wannan kariya ba ta shafi masu SS ba, su zazzaɓi haɗari ne babba a gare su, saboda haka gidan sauro, da yawan shan ruwa musamman a bazara, da suturar kirki a lokacin ɗari, da cika allurar rigakafi, da kai yaro asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi, duk ba abin wasa ba ne. Ki tambayi likitansu game da maganin hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashin ciwon. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani na gyaran ƙwayoyin gado, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya, don haka a yanzu labari ne kawai a gare mu. Abin da ke hannunmu shi ne gwajin jini kafin a kai kuɗin aure, ba bayan an sa rana ba, lokacin da kunya take hana kowa janyewa. A gwada har ɗanki na uku, ya girma yana sane da nasa.

TAMBAYA, daga wani dattijo manomi a Matamaye: Ɗana, kowace bishiya inuwarta tana kashe shuka, amma hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili tsayi da zangarniya. Mun gaji wannan sani daga iyaye, amma ban taɓa jin dalili ba.

AMSA: Baba, Allah Ya ƙara girma. Abin da kuka gada daidai ne, kuma masana sun zo daga baya sun tarar da ku a kansa. Dalili na farko kun fi ni ganinsa: gawo yana tafiya ne saɓanin sauran itatuwa. Da damina ta kama, sa'ad da kowace bishiya take yin kore, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, sai ruwa ya ɗauke ya sake tohowa. Don haka a watannin da hatsi yake buƙatar rana, gawo ba ya tare masa ita, kuma ba ya gasa da shi sosai a kan ruwa, tun da saiwarsa tana nitsawa can ƙasa inda ta hatsi ba ta kaiwa. Ganyen da ya zuba kuwa yana ruɓewa daidai lokacin shuka.

Dalili na biyu yana ɓoye a cikin ƙasa. Shuka tana buƙatar wani sinadari da ake kira azot, ko naitirojin, wanda shi ne ake saye a buhun takin yuriya. Abin mamaki shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa wannan sinadari ne, amma hatsi ba ya iya cin sa daga iska, kamar mai ƙishirwa ne a bakin rijiya ba guga. Akwai wasu ƙananan halittu na bakteriya da suke iya kama shi su mai da shi abincin shuka, kuma suna zama a cikin ƙulle-ƙullen saiwar wasu tsirrai, ciki har da gawo da wake da gyaɗa. Tsiron yana ba su sukari, su kuma suna ba shi azot. In Baba ya tuge wake mai rai ya duba saiwarsa zai ga ƙulle-ƙullen, in ya fasa ɗaya ya ga cikinsa ja-ja to suna kan aiki. Shi ya sa haɗa hatsi da wake a gona ɗaya dabara ce mai tushe.

Na uku shi ne dabbobi. A rani, lokacin da babu wata inuwa, gawo ne ke da ganye, kuma ƴaƴansa abinci ne da awaki da shanu ke so. Suna wuni a gindinsa, su bar kashi da fitsari, su kuma yaɗa irinsa, domin ƙwayar gawo mai taurin ɓawo ta fi saurin tsirowa in ta bi ta cikin dabba. Wannan sarƙa ta itace da ƙasa da dabba da ƙananan halittu da mutum, inda kowa yake cin moriyar wani, ita ce abin da ilimin muhalli yake nazari.

Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na da sun hana sare gawo, da hukunci mai tsanani a kan wanda ya taɓa shi. Daga baya aka shiga zamanin share gona fes, sai fari na 1973 da na 1984 suka tarar da ƙasa a tsiraice, iska tana binne shuka da rairayi. Abin da ya biyo baya abin alfahari ne ga yankinku. Manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture, suna zaɓen reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi suna rage sauran, wato sassaben zamani. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma Magariya da Matamaye da Mirya suna cikin wuraren da gawo ya fi dawowa. Ba dashe aka yi ba, saiwoyin suna nan da ransu a ƙasa, hannu kawai aka ɗauke musu.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar lakwal a Mirya: Malam, in itace daga ƙasa yake cin abinci, me ya sa ba a ganin rami a gindin kuka, duk girmanta?

AMSA: Ƴata, tambayarki ta fi ta manya da yawa. Wani masani a ƙasar Beljiyam ta yau, Van Helmont, ya yi ta kusan shekara 400 da suka wuce. Ya dasa itace a tukunya, ya auna ƙasar, ya yi shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Itacen ya ƙaru da kimanin kilo 74, ƙasar kuwa ba ta ragu da ko giram 60 ba. Ya ce ashe daga ruwa ne, kuma ya sami rabin amsa. Sauran rabin daga iska yake. Ganye yana shaƙar iskar kabon ta wasu ƙananan ƙofofi, ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo, ya yi amfani da hasken rana ya ƙera sukari, ya saki oksijin. Da wannan sukari ake gina itace da ganye da ƙwayar hatsi. In an ƙone icce, abin da ya zo daga iska ya koma iska, ɗan tokan da ya rage shi ne rabon ƙasa.

TAMBAYA, daga wani mai gyaran rediyo da fitilun sola a Sabon Gari: Malam, na ji a labarai cewa rana ta yi guguwa a 2024, kuma wai tana cikin shekarun fushinta. Shin ita ce ta jawo zafin da muke sha a bazara? Kuma ko tana iya ƙona farantan sola, ko ita ce ke sa tashoshin gajeren zango su ɗauke da rana tsaka?

AMSA: Malam, tambayoyi uku ka haɗa, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Rana dunƙulen iska ce mai tsananin zafi, nisanta da mu kimanin kilomita miliyan 150, haskenta yana iso mu cikin minti 8 da ƴan daƙiƙu. Zafin fuskarta ya kai digiri 5,500, na tsakiyarta kuwa wajen miliyan 15. A fuskar tata akan ga wasu baƙaƙen tabo, wuraren da ƙarfin maganaɗisu ya murɗe ya hana zafi tasowa, sai su fi kewayensu sanyi su yi kama da baƙi. Wani Bajamushe, Heinrich Schwabe, ya yi shekaru yana ƙirga su, ya sanar a 1843 cewa suna yawaita suna raguwa bi da bi, kuma yau an san zagayen yana ɗaukar kimanin shekara 11. Zagayen da muke ciki, na 25 a ƙirga, ya fara a Disamba 2019, kuma a Oktoba 2024 masana a Amurka suka sanar cewa ya kai lokacin ƙololuwarsa. Abin da ka ji ana kira fushi ke nan. A nan zan roƙi masu karatu kada wani ya ce zai duba tabon da idonsa ko ta baƙin tabarau, domin makanta ce ake saya da arha.

A kusa da tabon ne ake samun fashewa iri biyu. Ta farko walƙiya ce ta haske mai ƙarfi, wadda ke iso mu cikin mintunan nan 8. Nan zarginka game da rediyo ya yi daidai. Tashar gajeren zango tana iso Damagaram daga nesa ne saboda saƙonta yana tashi sama ya bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki ya dawo ƙasa. Idan walƙiyar ta sauka, ƙasan wannan rufi yakan yi kauri ya haɗiye saƙon maimakon ya bar shi ya wuce, sai tashoshi su yi tsit na ƴan mintuna ko fiye da awa, a gefen duniyar da ke cikin rana kaɗai. Tashoshin FM na cikin gari ba su bi ta wannan rufi, shi ya sa su ba ruwansu. In mai rediyo ya kawo maka ƙara irin wannan, ka ce ya jira zuwa yamma kafin ka kwance masa akwati.

Ta biyu ita ce guguwar, wato rana ta watso wani gajimare na burbushi mai lantarki, wanda yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. Maganaɗisun duniya yana kare mu daga mafi yawansa, amma in ya yi ƙarfi yakan girgiza wannan garkuwa ya tura lantarki cikin dogayen wayoyi. A 1859 wayoyin tangaraho sun yi ta tartsatsi a Turai da Amurka. A Maris 1989 lardin Kebek na Kanada ya yi awa tara babu wuta. A Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar taurarin ɗan Adam na Starlink kusan 40 da ya harba ba da jimawa ba. Ta 10 da 11 ga Mayu 2024 ita ce mafi ƙarfi cikin shekara 20, ta kuma rikita na'urorin GPS a wasu wurare. Haɗarin yana kan layukan wuta masu tsawon ɗaruruwan kilomita, musamman a ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. Farantin da ke kan rufin shago da ƴar wayarsa ta mita biyar ba ya cikin wannan lissafi. Abokan gabarsa su ne ƙurar hunturu da ke rufe fuskarsa, da zafin da ke rage masa ƙarfi, shi ya sa ake son a riƙa goge shi a kuma bar sarari a ƙarƙashinsa iska ta ratsa.

Zafin bazara kuwa ba daga tabo yake ba. Tsakanin shekarar da rana ta fi tashi da wadda ta fi kwanciya, ƙarfin haskenta ba ya sauyawa fiye da kashi ɗaya cikin 1,000. Ka kuma lura cewa zafin da ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali ya zo ne a farkon Afrilu 2024, fiye da wata guda kafin guguwar Mayu. Ba kuma kusantowa rana take yi ba, domin duniya ta fi kusa da ita a farkon Janairu, lokacin da muke jin wuta muna rawar ɗari. Dalilin shi ne duniya a karkace take juyawa, da kimanin digiri 23 da rabi, don haka wurin da rana take tsayawa tsaye bisa kai yana tafiya arewa yana dawowa kudu cikin shekara. Tana tsayawa bisa kan Damagaram sau biyu, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. A Agusta akwai hadari da danshi da ciyawa da ke shanye zafin, a Afrilu kuwa sama tas take, ƙasa a bushe, duk hasken da ya sauka sai ya zama zafi. Ƙaruwar da dattawa suke cewa suna ji shekara bayan shekara ita ma gaskiya ce, kuma tushenta iskar kabon da ake saki daga ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, wadda ta tashi daga kimanin 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau, tana riƙe zafin da ya kamata ya fice. In kana son shaida ta ido game da tsayuwar rana, ka kafa sanda a miƙe a ƙofar shagonka a makon ƙarshe na Afrilu, ka duba ta wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi, za ka tarar inuwarta ta kusan shigewa ƙarƙashinta.